Palliative: Yadda kalmar asibiti ta koma sunan buhun shinkafa a Najeriya

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023, da Shugaba Bola Tinubu ya sanar a jawabinsa na kama mulki cewa tallafin man fetur ya ƙare, da wuya mako ya shuɗe ba a ji kalmar palliative a bakin minista, gwamna ko shugaban 'yan ƙwadago ba. Gwamna ya raba shinkafa, a ce palliative. An ɗora wa ma'aikata 'yan kuɗi a kan albashi, a ce palliative. An cike ramukan titi kafin damina ta kankama, shi ma sunansa ke nan. Har wanda bai taɓa zama a aji ba ya haddace ta, yana furta ta "faliyetif", kuma abin da yake nufi ba ɓoyayye ba ne: wani abu da gwamnati za ta raba kyauta.

Amma wanda ya kai mahaifiyarsa babban asibiti, likita ya ce masa za a haɗa ta da masu palliative care, ba zancen shinkafa ake yi ba. Wanda kuma ya buɗe jaridar Birtaniya ya tarar an kira wani shirin gwamnati da wannan suna, to ba yaba shirin aka yi ba, kushe shi aka yi. Kowanne daidai ne a muhallinsa, kuma tushensu ɗaya. Wanda ya san tushen zai fi gane irin alƙawarin da ake yi masa idan aka ambaci kalmar, da kuma wanda ba a yi masa ba.

Ma'anarta a Turanci

A ƙamus, palliative na nufin abin da ke sassauta zafin ciwo ko raɗaɗin wata matsala ba tare da ya kawar da musabbabinta ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne jigon kalmar. Ƙwayar da mai ciwon haƙori ya haɗiya da daddare don ya samu barci palliative ce. Cire ruɓaɓɓen haƙorin ko cike shi, shi ne magani.

Bature na amfani da ita a matsayin sifa, kamar a palliative care, wato kulawar da ake ba majinyaci don rage masa wahala. Yana kuma amfani da ita a matsayin suna, ya kira wani mataki a palliative. Akwai aikatau ɗinta, palliate, wanda ba a cika jin sa a hira ba, kuma shi yana da wata ma'ana ta biyu: mutum ya kawo uzuri don ya rage munin laifi, ya yi wa ɓarna kwaskwarima.

Da zarar an fita daga asibiti, kalmar a Turancin Birtaniya da Amurka tana ɗauke da raini. Ɗan adawa ne ke jifan gwamnati da ita, yana nufin an bar ainihin matsalar an kama reshe. Da wuya ka ji minista a Landan ya tsaya gaban 'yan jarida yana alfahari da cewa ya kawo wa jama'a palliative, domin tamkar ya amsa da bakinsa ne cewa bai magance komai ba. A nan ne Turancin Najeriya ya raba hanya da na can, za mu zo kansa.

Daga mayafin Girkawa

Tushen kalmar shi ne pallium, sunan da Rumawa suka ba wani faffaɗan mayafi mai kusurwa huɗu da Girkawa ke yafawa a kafaɗa. Rumawa na da tasu tufar ta alfarma mai suna toga, saboda haka suna kallon pallium a matsayin suturar Girkawa da ta masana falsafa. Daga sunan mayafin ne Latin na baya-baya ya samar da aikatau palliare, wato a lulluɓe abu. Daga nan aka samu palliativus a Latin na malaman tsakiyar zamani, da palliatif a Faransanci, har kalmar ta shiga Turanci a farkon ƙarni na 15. Masu karatu a Nijar sun san 'yar'uwarta a soins palliatifs, sunan da asibitocin ƙasashe masu amfani da Faransanci ke kiran wannan fanni.

Mayafin ya bar wasu 'ya'ya. Ƙyallen da Turawa ke lulluɓa wa akwatin gawa sunansa pall, masu ɗaukar akwatin kuma pallbearers. A Cocin Katolika har yau ana kiran wani siririn ƙyalle na farin ulu pallium, wanda Fafaroma ke ba manyan limaman da ke jagorantar lardunan coci, ana kuma sa masa albarka ranar 29 ga Yuni kowace shekara.

Lulluɓi yana da fuska biyu, kuma Bahaushe ba ya buƙatar a fassara masa wannan. Akwai rufin asiri, wanda kowa ke roƙon Allah ya yi masa, akwai kuma rufa-rufa, wadda kowa ke ƙyama. Kalmar ta shiga Turanci ɗauke da duka biyun: lulluɓe mai jin jiki don ya samu sauƙi, da lulluɓe aibi don kada a gani. Duk gardamar da ake yi a kanta a yau, a asibiti ko a siyasa, tana komawa ne kan wanne daga cikin biyun ake yi.

Likitocin da suka fara amfani da ita sun san inda suka ajiye ta. Guy de Chauliac, likitan tiyata na Faransa da ya rasu a 1368, ya bambanta maganin da ke tumɓuke cuta daga saiwa da wanda ke lallaɓa ta kawai. Ya ce aikin likita shi ne na farkon, amma akwai yanayi uku da za a koma ga na biyun: idan cutar ba ta da magani, kamar kuturta a zamaninsa, idan majinyaci ya ƙi yarda da maganin ko ba zai iya jure shi ba, da kuma idan maganin zai fi cutar illa. Wato tun a ƙarni na 14, wanda ya zaɓi sassauci sai ya kawo dalilin da ya hana shi warkarwa.

Yadda likitoci suka ɗaga darajarta

Shekaru aru-aru kalmar ta zauna a matsayin abin da ake yi idan dabara ta ƙare. Abin da ya sauya mata matsayi ya faro ne a Landan, a hannun Cicely Saunders, wadda ta fara da aikin jinya, ta koma aikin kula da walwalar marasa lafiya, sannan ta karanta likitanci. A 1967 ta buɗe St Christopher's Hospice, gidan kula da waɗanda cutarsu ta kai ƙarshe. Ta tsaya kan cewa wahalar mai jinya ba ta jiki kaɗai ba ce, akwai fargaba, akwai tunanin iyali da abin da za su ci, akwai batun imani, kuma duka sai an duba su. Ta kuma nace a riƙa ba majinyaci maganin kashe zafi irin su mofin a kan ƙa'idar lokaci, ba sai ya fara ihu ba.

Sunan fannin kuwa daga Kanada ya zo. Balfour Mount, likitan tiyatar ciwon daji a birnin Montreal, ya ziyarci cibiyar Saunders a 1973, ya koma gida da niyyar kafa irinta a cikin asibitin Royal Victoria. Matsalarsa ita ce a kunnen masu jin Faransanci na lardin Quebec, kalmar hospice na nufin gidan ajiye gajiyayyu da waɗanda ba su da kowa. Sai ya zaɓi palliative care, ya buɗe sashen a 1975. A 1987 Birtaniya ta amince da shi a matsayin fannin ƙwarewa mai zaman kansa a likitanci, a 2014 kuma babban taron Hukumar Lafiya ta Duniya ya zartar da ƙudurin da ke neman ƙasashe su sa shi cikin tsarin lafiyarsu.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne ɗaukar cewa da an ambaci wannan kulawa, likita ya sallama majinyaci ke nan. A ma'anar da Hukumar Lafiya ta Duniya ke amfani da ita, ana iya fara ta tun farkon ciwo mai tsanani, tana tafiya tare da maganin da ake fatan ya warkar. Wani bincike da aka yi a asibitin Massachusetts General na Amurka, aka wallafa a 2010, ya bibiyi mutum 151 masu ciwon dajin huhu da ya riga ya bazu. Waɗanda aka haɗa musu wannan kulawa tun da wuri sun fi samun sauƙin rayuwa, baƙin ciki ya ragu a cikinsu, kuma matsakaicin tsawon rayuwarsu ya kai wata 11.6, alhali na sauran ya tsaya a 8.9.

Hukumar ta ƙiyasta cewa kimanin mutum miliyan 56.8 ne ke buƙatar irin wannan kulawa duk shekara a duniya, amma kusan kashi 14 cikin 100 kawai ke samu. A Afirka, Uganda ce ake yawan kafa misali da ita: Dakta Anne Merriman, wadda ta taɓa aikin likita a Najeriya, ta kafa Hospice Africa a can a 1993, daga baya ƙasar ta ba ma'aikatan jinya da aka horar damar rubuta mofin na sha. A Najeriya, asibitin koyarwa na Jami'ar Ibadan na cikin na farko da suka buɗe sashe na musamman.

Abin lura a nan shi ne likita ba ya jin kunyar kalmar, saboda ba ya ɓoye abin da take nufi. Yana faɗa wa iyali abin da maganin zai iya da abin da ba zai iya ba, yana auna adadin da zai bayar, yana dawowa ya duba ko zafin ya ragu.

Shigarta siyasar Najeriya

Injiniyoyin gwamnati sun daɗe suna rubuta palliative works a takardun kwangila, suna nufin faci da cike ramuka kafin a samu kuɗin sake gina hanya. Wannan amfani yana nan daram kan ma'anar asali. Dabarar haɗa ƙarin kuɗin mai da wani abin lallashi ita ma tsohuwa ce. Bayan ƙarin 1994, gwamnatin Janar Sani Abacha ta kafa asusun PTF ƙarƙashin Janar Muhammadu Buhari don a riƙa gyaran hanyoyi da samar da magunguna da rarar kuɗin. A Janairun 2012, da gwamnatin Goodluck Jonathan ta cire tallafi, litar mai ta tashi daga naira 65 zuwa kusan 141, ƙasa ta rikice da zanga-zanga da yajin aiki, kalmar ta cika jaridu: an yi alƙawarin motocin safa, an kafa shirin SURE-P na zuba rarar kuɗin tallafin a ayyukan jama'a, farashin kuma aka sauko da shi zuwa naira 97.

Amma shekarar da kalmar ta sauka daga shafin jarida ta shiga lungu ita ce 2020. Da aka kafa dokar kulle saboda korona a Legas, Ogun da Abuja a ƙarshen Maris, Kano ma ta shiga kulle a Afrilu, miliyoyin mutanen da sai sun fita suke samun na cefane suka zauna a gida. Gwamnatin Buhari ta ba da umarnin fitar da tan 70,000 na hatsi daga rumbunan ƙasa. Gamayyar 'yan kasuwa da bankuna ta CACOVID ta sayi shinkafa, taliya, sukari da gari ta miƙa wa jihohi. Duka waɗannan aka kira su palliatives.

A watan Oktoba, ana cikin hatsaniyar EndSARS, wato zanga-zangar adawa da cin zarafin 'yan sanda, jama'a suka fasa ɗakunan ajiya a Legas, Osun, Kwara, Kuros Riba, Kaduna, Taraba, Adamawa da Filato, suka tarar da kayan jibge. Hotunan da suka fito daga Bukuru kusa da Jos, na mutane a saman wani katafaren sito suna ɓanɓare kwanon rufi, sun zagaya duniya. Gwamnoni sun musanta cewa ɓoye kayan suka yi. Suka ce wasu ana jiran cikon su ne kafin a raba, wasu kuma an tanade su ne don zagaye na biyu na annobar. Mutane da yawa ba su gamsu da bayanin ba. Tun daga lokacin kalmar ta samu wani wari na zargi da bai bar ta ba.

Ta fuskar harshe, abubuwa biyu suka faru. Kalmar da a can take siffanta irin mataki ta koma sunan kaya da ake ƙirgawa, a loda a mota, a raba, a karkatar, a sace, kuma kusan kullum a jam'i take zuwa. Na biyu, rainin da ke cikinta ya zube a bakin jami'ai. Gwamna na iya buga hotonsa a jikin buhu ya kira taron ƙaddamar da rabon palliatives da kiɗa da jawabai, ba tare da ya ji ya faɗi abin da zai rage masa daraja ba. Wannan ba kuskuren Turanci ba ne. Haka harsuna ke yi idan suka sauka a sabuwar ƙasa, kuma Turancin Najeriya na da irin waɗannan da yawa. Sai dai sauyin ya tafi da rabin ma'anar, wato tunatarwar cewa ciwon na nan.

Tallafi biyu, suna ɗaya

A Hausa ruɗanin ya ninku. Kafofin yaɗa labarai na fassara subsidy da "tallafi", su kuma fassara palliative da "tallafi" ko "kayan tallafi". Sai mai sauraro ya ji a labari ɗaya cewa gwamnati ta cire tallafi kuma za ta raba tallafi, kamar an karɓe abu da hannun dama za a mayar da shi da hagu.

Ba abu ɗaya ba ne. Tallafin mai kuɗi ne da gwamnati ke biya don cike giɓin da ke tsakanin ainihin kuɗin lita da abin da ake sayar da ita a gidan mai. Ba a miƙa wa kowa shi a hannu, amma yana cikin kuɗin mota, kuɗin niƙa, kuɗin ban-ruwan lambu da farashin duk abin da aka ɗauko a mota, kowace rana, ba tare da an rubuta sunan kowa ba. Shi kuwa palliative rabo ne na ɗan lokaci, ga wasu zaɓaɓɓu, sai sunanka ya shiga takarda ko ka samu wuri a layi. Masu fassara shi da "kayan rage raɗaɗi" sun fi kusa da ainihin ma'anar.

Abin da aka sanar bayan cire tallafin mai

Cikin kwana biyu zuwa uku da jawabin 29 ga Mayu, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 zuwa kusan 500 ko sama da haka, kafin ƙarshen 2024 kuma ta haura 1,000. Matakan da aka sanar sun zo daki-daki. A Yulin 2023 aka ce za a ba gidaje miliyan 12 naira 8,000 duk wata har wata shida. Suka ta yi yawa, shugaban ƙasa ya ce a sake duba shirin. A Agusta Majalisar Tattalin Arziki ta Ƙasa ta sanar da naira biliyan 5 ga kowace jiha don sayen abinci da taki, kashi 52 cikin 100 kyauta, kashi 48 bashi. A Oktoba aka koma naira 25,000 duk wata har wata uku ga gidaje miliyan 15, aka kuma amince da ƙarin naira 35,000 na wucin gadi ga ma'aikatan tarayya. A Yulin 2024 aka sanar da tirela 20 ta shinkafa ga kowace jiha, a watan ne kuma aka sa hannu kan mafi ƙarancin albashi na naira 70,000.

Inda aka saɓa

Masu kare tsarin, ciki har da jami'an gwamnati da Bankin Duniya, suna cewa an yi abin da ya kamata a jere. A nasu lissafin, cire tallafin mai shi ne tiyatar, rabon kuɗi da abinci kuma shi ne abin da zai riƙe majinyaci har ya farfaɗo. Suna nuni da cewa tallafin ya lashe sama da naira tiriliyan 4 a 2022 kaɗai, cewa mai motoci uku da janareta ya fi mai keke cin moriyarsa, kuma wani kaso na man mai arha ƙetare iyaka yake yi zuwa Nijar, Benin da Kamaru. Suna ƙarawa da cewa kason da jihohi ke samu daga asusun tarayya ya ƙaru sosai bayan cirewar, don haka gwamnoni na da abin yi wa jama'a aiki.

Ƙungiyoyin ƙwadago da sauran masu suka ba lallai su musanta cewa tsohon tsarin na da ɓaraka ba. Ƙorafinsu na farko shi ne an yanka kafin a tanadi abin kashe zafi: farashi ya tashi cikin kwanaki, rabon kuwa ya ɗauki watanni. Na biyu shi ne yawan abin. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a 2022 mutum miliyan 133 ne ke fama da talauci ta fuskoki daban-daban. Idan aka raba naira biliyan 180 na jihohi 36 a kansu, kowa bai kai ga naira 1,400 ba. Kuma adadi ɗaya aka yanka wa Kano mai ƙananan hukumomi 44 da Bayelsa mai takwas.

Lissafin shinkafar ya fi fito da abin fili. An ce kowace tirela na ɗauke da buhu 1,200 mai kilo 25, wato buhu 24,000 ga jiha. Kano na da mazaɓu 484. Idan aka raba daidai, ba a taɓa ko ƙwaya ɗaya a hanya ba, kowace mazaɓa za ta samu buhu kusan 50. Buhun kilo 25 bai wuce kwano goma ba. Wannan shi ne abin da zai iso gaban kansila da masu unguwanni a mazaɓar da ke da dubban gidaje, kowa na kallon su. Ko mai rabon waliyyi ne, akasarin mutane za su koma gida hannu rabbana, kuma da yawansu za su tafi da yaƙinin cewa an cinye rabonsu.

Akwai kuma saɓani a tsakanin waɗanda suka yarda a yi rabon. Wasu na ganin tura kuɗi ta asusun banki ko waya ya fi, saboda babu kuɗin dako, babu sito da za a fasa, kuma mutum ya fi kowa sanin abin da gidansa ke buƙata. Wasu na cewa a lokacin da farashi ke tashi kullum, kuɗin na narkewa kafin a kai kasuwa, kuma talakan ƙauye da ba shi da asusu ko lambar NIN shi ake fara tsallakewa. Duka ɓangarorin sun dogara ne da sahihancin jerin sunaye, kuma a nan ma ba a daidaita ba: a Yulin 2023 gwamnoni suka ce ba su amince da rajistar marasa galihu da gwamnatin da ta gabata ta bari ba. A Janairun 2024 aka dakatar da ministar jinƙai Betta Edu bisa zargin ba da umarnin tura naira miliyan 585 zuwa asusun wani mutum, aka kuma tsayar da shirye-shiryen rabon na wani lokaci.

Su kuwa waɗanda rabon ya kai gare su, da yawa ba su shiga wannan muhawara. Ga matar da ke riƙe da marayu, kwano biyu na shinkafa abincin kwanaki ne, kuma da babu gara ba daɗi. Duk sharhin da ya raina wannan bai yi adalci ba.

Abin da ya shafi talaka

A asibiti, illar rashin fahimtar kalmar ita ce iyali su firgita su ɗauke majinyacinsu su koma gida, ya ƙarasa kwanakinsa cikin azabar da ake da maganinta. Tambayar da ta dace a yi wa likita ita ce ko za a ci gaba da maganin cutar tare da wannan kulawa, ko kuwa an tsaya kan rage wahala kaɗai, kuma a wane asibiti ake samun maganin kashe zafin, domin ba ko'ina ake ajiye mofin ba.

A wajen rabo kuwa, haɗarin ya kai ga rai. A Fabrairun 2024 mutum bakwai suka mutu a turmutsutsu a Yaba ta Legas, inda Hukumar Kwastam ke sayar da buhun shinkafa mai kilo 25 a kan naira 10,000. A Maris ɗalibai mata biyu suka rasu a Jami'ar Jihar Nasarawa da ke Keffi wajen rububin shinkafar da gwamnatin jihar ta kai. A Disamba aka yi asarar rayuka da dama a Ibadan, Okija da Abuja, duk da cewa waɗannan rabo ne na masu zaman kansu da coci, ba na gwamnati ba. Abin da ya haɗa su shi ne kaya kaɗan, taro mai yawa, ƙofa ɗaya.

Ta fuskar aljihu, abin da ke tantance amfanin kowane rabo shi ne tsawon lokacinsa idan aka gwada da tsawon matsalar. Naira 25,000 sau uku ta kama 75,000, kusan kuɗin buhun shinkafa ɗaya mai kilo 50 a kasuwanni da yawa cikin 2024. Hauhawar farashi kuwa ta tashi daga kashi 22.41 cikin 100 a Mayun 2023 zuwa 34.80 a Disambar 2024. Ƙarin naira 35,000 na ma'aikatan tarayya ne. Jihohi kowacce ta yanka nata, ɗan acaɓa da mai shayi da manomi kuwa ba su cikin lissafin albashi tun farko.

Sai batun wanda zai biya. Ba duk abin da aka raba ne kyauta ba. Kusan rabin kuɗin da aka ware wa jihohi a Agustan 2023 bashi ne da za su mayar, shirin tura kuɗi ga gidaje kuma ya dogara ne da rancen dala miliyan 800 daga Bankin Duniya. Duka biyun daga baitulmali za a biya su, wato daga kuɗin da ake gina azuzuwa da sayen magani da shi.